Wa Ya Cike Rijiyoyin Kura?

 Akwai wata kalma guda da muka mayar bargo, duk abin da ya lalace a hannunmu sai mu jawo ta mu lulluɓe shi, watau kalmar nan "zamani". Tambayi ɗan boko abin da ya kashe saƙa, sai ya ce zamani. Me ya kashe rini? Zamani. Me ya sa ƙauyen da jiya ake kwana ana jin ƙarar bugu, yau in kaka ta wuce ba ka samun kowa sai tsofaffi da awaki? Zamani. Sai ka ce zamanin nan wani dodo ne mai fitowa da dare ya cinye garuruwa, ba mai ganinsa balle a gurfanar da shi gaban alƙali. To, ni ban yarda ba. Ruwa ba ya tsami banza, kuma a wannan fili ina so in kai ƙara, in ambaci waɗanda ake tuhuma ɗaya bayan ɗaya.

Da garin Kura zan kafa hujja, wanda ke kimanin kilomita 30 kudu da birnin Kano, a kan hanyar Zariya. Mu mutanen ƙasar Daura labarin Kura bai yi mana nisa ba. Ƙasarmu tana tsakanin Kano da Damagaram, a dā ta wannan yanki ayari ke ratsawa da kayan Kura zuwa arewa, kuma har yau in an yi hawan Salla ko Sallar Gani, rawanin nan baƙi mai walƙiya da manya ke naɗawa ɗan Kura ake ce masa. Abin da ya sami Kura shi ya sami marinar kowane gari namu, sai dai nata ya fi fitowa fili, don ta fi kowa nisa a sana'ar.

Yadda Kura ta tashi

Wanda bai san aikin ba yana tsammani rini tsoma zane ne cikin ruwa a tsamo. Bari mu ƙidaya hannuwan da turkuɗi guda ke bi kafin ya kai kasuwa. Manomi ya noma auduga, wani ya noma baba. Mata a cikin gida su gurje audugar, su shiɓe ta, su kaɗe ta da mazari ta zama zare. Masaƙi ya saƙa ƙwarya siririya, wadda faɗinta bai wuce yatsa ɗaya ko biyu ba. Maɗinki ya harhaɗa ƙoren nan da allura har su zama zane. Sa'an nan marini ya karɓa. Shi kuwa tuni ya haƙa rijiyar da ta fi tsayin mutum zurfi, ya shafe cikinta da laso don kada ruwa ya tsiyaye, ya zuba ruwa da baba da toka da katsi, ya bar su kwanaki su ruɓa, yana juyawa da muciya har kumfa ta taso. A tsoma, a shanya, a sake tsomawa, sau da yawa, har launi ya kama. Daga nan sai mabuga, inda ƙarti ke zaune gefen gungume suna dukan zanen da manyan guduma na itace, ana barbaɗa garin shuni, har ya riƙa ɗaukar ido kamar ƙarfe. Bayan wannan ga dillali, ga fatoma mai saukar da baƙi, ga mai jaki, ga mai raƙumi. Hannu goma ko fiye, kowa ya ci tuwo a jikin zane guda. Ko dattin da ke kwantawa a gindin rijiya ba a zubar da shi, ƙona shi ake yi ya koma katsi, a sake aiki da shi.

Ba a banza sana'ar ta bunƙasa a ƙarni na 19 ba. Jihadin da aka fara a 1804 ya haɗa ƙasashen Hausa ƙarƙashin daula guda, kasuwa ta yi faɗi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya ɗauki kula da masu sana'a a kan wajibin shugaba, ya kuma ƙarfafa a zaunar da su a garuruwa. Rijiyar laso ta maye gurbin tukunyar ƙasa, aka sami damar rina kaya da yawa a lokaci guda. Ga kuma masu saye a shirye: Buzaye da Abzinawa, waɗanda namijinsu ba ya fita sai da amawali, suna kawo gishirin Bilma da dabino da kanwa, su koma da gero da baƙin zane. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya ƙiyasta kuɗin tufafin da ƙasar Kano ke sayarwa a waje a shekara ya kai wuri miliyan 300, ya kuma ba da labarin cewa ana kai su har Murzuk da Gat da Tarabulus da Timbuktu. Mu lura, kayan ƙauye ne ke tafiya wannan nisa, babu inji, babu lantarki, babu rancen banki.

Harshenmu ma shaida ne, kuma mu 'yan Ƙungiyar Hausa mu ya kamata mu fara jin wannan shaida. Me Bahaushe ke kiran attajiri? Mai hannu da shuni. Ko dai marinin ake nufi, ko falken da ke juya kayan, ko mai halin sa kore har ta zuba masa a hannu, magana ɗaya ce: a wurin kakanninmu arziki launinsa baƙi ne mai walƙiya. Akwai ma garin da sunansa ke nan ɗungum, Karofi, a ƙasar Dutsin-Ma. Yau yaro zai ce wane mai hannu da shuni ne, alhali bai taɓa ganin shuni da idonsa ba.

Kada kuma a ce na mai da jiya aljanna. Auduga da baba da yawa bayi ne suka noma su a rinji da gandayen sarakuna da attajirai, sarakuna kuma suna karɓar kuɗin karofi a kan kowace rijiya. Wannan tabo ne, ba mai goge shi, ba kuma mai neman a koma can. Abin da nake so a gani shi ne, arzikin ƙauye mutane suka gina shi da dabara da tsari. Abin da mutane suka gina kuwa, in ya rushe, sai a nemi hannun da ya ture shi.

Wanda ake tuhuma na farko: Nasara

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903. Kafin shekara goma ta cika, su da Faransawa sun ja layi tsakanin marini da mai sayen kayansa. Layin nan ta ƙasar Daura ya bi, ya raba dangi, ya bar Damagaram da Agadas a hannun Faransa, mu a hannun Ingila, kowane ɓangare da kuɗinsa da kwastansa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya fara aiki sosai a 1912, daga nan ciniki ya juya wa hamada baya ya fuskanci teku. Jirgin da ke sauka Ikko da gyaɗa shi ke hawowa da akoko da alawayyo na Manchista. Tun 1902 masu masaƙun Ingila suka kafa ƙungiyar BCGA don su kwashe audugarmu ɗanya, suka girke injinan gurza a wurare irin su Zariya da Funtuwa. A can Jamus kuma kamfanin BASF ya fara sayar da shunin da aka haɗa da sinadari tun 1897, abin da ya karya noman baba har a Indiya. Da Abzinawa suka yi tawaye a ƙarƙashin Kaosan a 1916 da 1917, Faransawa suka murƙushe su, suka kashe mutane, raƙuma suka salwanta, ayari ya daɗe bai farfaɗo ba.

Duk wannan gaskiya ne, kuma ɗalibi mai zafin kai yana son ya tsaya nan, don zagin Nasara ba ya cin kuɗi. Amma ga abin da ba mu son ji: Nasara bai iya kashe Kura ba. Shekara da shekaru masaƙanmu suna sayen auduga da tsadar da ta fi ta BCGA, har Turawa suna kuka. Buzu kuwa bai yarda da baƙin zanen Ingila ba, ya san ƙanshin ɗan Kura da yadda yake zuba a fata. Aka yi mulkin mallaka aka gama a 1960, ana bugu a Kura. Har cikin shekarun 1970, lokacin da masanin tarihin nan Philip Shea ya yi bincikensa kan rinin ƙasar Kano, wanda ya kammala a 1975, sana'ar tana da rai. Ashe yawancin rijiyoyin a hannunmu aka cike su.

Na biyu: gwamnatocinmu

Ba na musun fari. Farin da aka yi daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1974, da na 1984, sun ƙarar da dabbobin Buzaye, wanda ya rasa raƙumi kuwa ba ya sayen rawani mai tsada. Wannan daga Allah ne. Amma a daidai lokacin nan kuɗin man fetur ya malalo, aka biya ariyas na Udoji a 1975, Naira ta yi ƙarfi, kayan waje suka yi arha, kowa ya ruga kanti. Wace hukuma ce ta tuna da marini a lokacin? Wa ya nema masa sabuwar kasuwa da tsohuwar ta durƙushe? Wa ya ba shi rance, ko ya sa masana su duba yadda za a rage masa wahalar aiki?

Masu cewa zamani za su amsa da cewa inji ya fi hannu sauri, kayan inji sun fi arha, talaka kuma arha yake nema. Na yarda, ba mai hankalin da zai ce a tufatar da Nijeriya duka da saƙar hannu. Sai dai ina da tambaya. In inji ne ya kashe Kura, me ya kashe Kakuri? Kakuri ai ita ce zamanin da kanta. Gwamnatin Sardauna ta buɗe masaƙar KTL a can Kaduna a 1957, UNTL ta biyo baya a 1964, Arewa Textiles a 1965, unguwa ta cika da dubban ma'aikata, jiniya na kaɗawa safe da yamma. Kano ta yi nata a Bompai da Sharaɗa da Chalawa, Funtuwa ma ta sami tata. Sai aka kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, Naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka gagara. A 1997 aka ɗage hanin shigo da yadi. Lantarki ya zama sai an gani, baƙin mai ya yi tsada, 'yan fasa-ƙwauri suna kwararo da atamfar Sin ta Kwatano da Maraɗi, har da tambarin masaƙunmu a jikinta. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta rufe masaƙarta ta Kaduna a 2007. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan mataki ne da wani ya sa wa hannu a ofis, ko ya kau da kai aka yi. Da marinan Kano suka yi gangami zuwa fadar Sarki a 2015 suna kukan rinannun kayan Sin sun hana su aiki, dama an san a rina, wai an saci zanen mahaukaciya.

Kuma waɗanda suka koya mana buɗe kasuwa, su haka suka yi? Lokacin da yadin Indiya ya fi na Ingila kyau da arha, majalisar Ingila doka ta yi a 1700 ta hana shigo da shi, a 1721 ta hana ma sa shi, har masaƙunta suka yi ƙarfi. Indiya da ta sami kanta ta yi dokar kafa hukumar kula da sana'o'in ƙauye a 1956, a 1985 kuma ta keɓe wasu irin tufafi ta ce masaƙan hannu kaɗai za su yi su. Kusa da mu, Thomas Sankara, wanda ya mulki Burkina Faso daga 1983 zuwa 1987, ya tilasta wa ma'aikatan gwamnati sa saƙin gida da suke kira Faso Dan Fani, har yau kuwa matan ƙasar suna ci da wannan saƙa. Su can zamanin bai je ba ne?

Kura da kanta ta ba da hujjar ƙarshe. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da gwamnatin Audu Baƙo ta ɗauko, ruwa ya iso gonakin Kura da Kadawa, sai ga jikokin marina sun zama manoman shinkafa da tumatir, mata suna turara shinkafa, ƙananan injinan casa sun cika gari. Watau mutanen ba ragwaye ba ne, da aka ba su abin kamawa sun kama. Amma dubi yadda ake wasa da wannan ma. A 2015 Babban Banki ya hana masu shigo da shinkafa kuɗin waje, a 2019 aka rufe iyakoki, mutane suka zuba jari. A 2023 aka janye hanin, a 2024 aka yafe harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150. Kowane mataki da dalilinsa, masu saye ma suna da hakki. Sai dai mai ƙaramin inji a ƙauye ba zai iya shirin shekara biyar ba, in doka tana juyawa kamar hawainiya.

Na uku: mu 'yan boko

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu da ke wannan jami'a, wa ya taɓa jin ɗayanmu ya ce shi ɗan marini ne da alfahari? Mun gaji raina marini da majemi da maƙeri, boko kuma ya zo ya ƙara mana girman kai, har muka ɗauka amfanin ilmi shi ne hannu ya rabu da datti. Ranar bikin Ƙungiya mukan tashi mu yi jawabi mai zafi a kan raya al'adu, muna sanye da shaddar Getzner da aka saƙa a Ostiriya, wanda bai kai nan ba kuma yana cikin kwaikwayonta na Sin daga Kantin Kwari. Shekara nawa ɗalibai suna rubuta kundin digiri a kan sana'ar rini a gari kaza, a ba su maki, a jibge kundin a kanta ƙura ta rufe? Ɗalibi zai je ya zauna gaban tsoho ya kwashe masa sani kyauta, ya samu takarda da aiki, tsohon kuwa ko mayafi guda ba a saya a hannunsa ba. Wannan da kwasar auduga ta BCGA, ina bambancinsu?

Akwai kuma hasarar da ba ma lissafawa don ba ta fito ƙofar gida ba. Kaɗi sana'ar mata ce. Da shi tsohuwa ke sayen goro da man fitila, da shi uwa ke tara kayan ɗakin 'yarta ba tare da ta roƙi kowa ba. Ranar da zaren kanti ya kori mazari, dubban mata a cikin kulle suka rasa abin hannunsu, ba jaridar da ta buga, ba hukumar da ta zauna.

Abin da ya shafi Daura

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A shekarun mulkin marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, 2015 zuwa 2023, Daura ta ga gine-gine: kwalejin fasaha ta tarayya, Jami'ar Sufuri da aka aza harsashinta a 2019, ga hanyar jirgin Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinta a 2021, wadda ta ratso ta Kazaure da Daura zuwa Katsina da Jibiya. Madalla. Amma mu tuna da 1912. Jirgi ba ya zaɓen kaya, abin da aka loda masa shi yake ɗauka. Me Zango da Baure da Sandamu da Mai'aduwa za su loda? In dabbobi ne a tsaye da fata ɗanya da riɗi a buhu, a dawo mana da takalmi da mai a kwalba, to mun maimaita karatun gyaɗa ke nan. Gari mai cin albashi kaɗai kuwa, ranar da ɗansa ya sauka daga mulki ya fara ƙidayar kwana. Har yanzu da zarar an gama girbi samarin ƙauyukanmu sai su hau mota zuwa Legas da Fatakwal da Abuja cin rani, su yi gadi da acaba da turin ruwa, don a gida babu abin yi wata bakwai. Wannan wata bakwai ɗin su ne dā masaƙa da karofi da majema suke cikewa.

Saboda haka ga abin da nake kira a yi, kuma ba wanda ya fi ƙarfinmu.

Na ɗaya, Ƙungiyarmu ta fara da kanta. A ranar bikin shekara kowane ɗan Ƙungiya ya sa saƙi ko rinin gida, a je a saya hannu da hannu wurin masu yi. Sauran marina da mabugan da suka rage a Kura da Ƙofar Mata ciniki suke bukata, sun gaji da masu zuwa ɗaukar hoto.

Na biyu, a hutun nan kowane ɗalibi ya nemi tsofaffin masu sana'a na garinsu, ya ɗauki bayaninsu da muryarsu, ya rubuta kalmomin aikin da yadda ake yinsa daki-daki, ya biya su ladan lokacinsu. Malamanmu na sashen Hausa su haɗa kai da na sashen kimiyyar haɗa sinadarai da na noma, a fitar da kundayen nan daga kanta a ga abin da zai yi amfani.

Na uku, masarautar Daura da ƙananan hukumominta biyar su sa ido a kan kayan da ake saye da kuɗin jama'a. Rawunan naɗi, kayan dogarai, kayan doki, tabarmin makarantu da masallatai, me zai hana a ce sai na gida? Kwalejin fasaha kuma ta buɗe ƙofarta ga majemi da maƙeri da mai matsar man gyaɗa, ko da ba su da takardar sakandare.

Na huɗu, mu da za mu fita mu zama ma'aikata, wasunmu a kwastan, wasu a ma'aikatun ciniki da bankuna, mu san cewa takardar da za a miƙo mana mu sa hannu tana iya cike rijiyar wani ƙauye da ba mu taɓa zuwa ba. Wanda ya sa hannu ya amsa sunansa, kada ya laɓe bayan zamani.

Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Wanda ke ganin na yi kuskure cikin wannan tuhuma, fili a buɗe yake, ya kawo tasa hujjar a fitowa ta gaba, mu gwada a gaban jama'a. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa albarka a sana'ar iyayenmu.